Sharhi: Kamfanin Jiragen Sama Na Overland Da Amfanin Tsayawa Daidai Ƙarfi

Duk wanda ya daɗe yana bin harkar sufurin jiragen sama a Nijeriya ya san cewa kasuwa ce da ta binne kamfanoni masu yawa. Tun daga shekarun 1980, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar jigilar fasinjoji a cikin gida, kamfanoni da dama sun fito da ƙarfinsu, aka ƙaddamar da su da kaɗe-kaɗe da dogayen jawabai, amma bayan 'yan shekaru sai a ga jiragensu yashe a gefen filin jirgin sama na Ikko ko Kano ko Binin, ciyawa ta kewaye su. Okada da ADC da Bellview da Sosoliso da Albarka da Chanchangi da Air Nigeria duk sun zo sun wuce. Shi kansa kamfanin gwamnati, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958 kuma ya taɓa mallakar jirage kimanin 30, ya daina aiki a 2003.

A cikin wannan kasuwa ce wani ƙaramin kamfani mai suna Overland Airways ya shafe fiye da shekara 20 yana tashi yana sauka, ba tare da ya yi wani suna mai ƙara ba. Dalilin ɗorewarsa abin nazari ne ga 'yan kasuwa masu sha'awar zuba jari a wannan fanni, da kuma gwamnatocin jihohi waɗanda ke kashe kuɗin jama'a wajen gina filayen jiragen sama. A taƙaice, kamfanin ya zaɓi jirage daidai da yawan fasinjojin da ke akwai, ya kuma nufi garuruwan da manyan kamfanoni suka raina. Irin wannan hanya ce ya kamata hukuma ta ba ƙarfi, domin ita ce za ta iya sada ƙananan birane da manyan cibiyoyin ciniki.

An yi rajistar Overland a 1998, ya kuma fara jigilar fasinjoji a 2002. Wanda ya kafa shi, Kyaftin Edward Boyo, matuƙin jirgi ne da ya riga ya kafa kamfanin Landover, mai gudanar da hidimomi da horar da ma'aikata a fannin jiragen sama. Wato dai mutumin ya shigo ne yana sane da abin da ke cin kuɗi a sana'ar. Shekarar da kamfanin ya fara aiki kuwa ba ta kasance mai daɗi ba ga masu jirage. Ran 4 ga watan Mayu, 2002, jirgin kamfanin EAS samfurin BAC 1-11 ya faɗi a unguwar Gwammaja da ke Kano jim kaɗan bayan tashinsa, fiye da mutum 100 suka rasu. Bayan wannan ne gwamnati ta dakatar da irin wannan jirgi, ta kuma ɗora ƙa'ida a kan shekarun jiragen da za a shigo da su. Kamfanonin da suka gina dukiyarsu a kan tsofaffin jiragen jet masu arha sai suka wayi gari jarinsu ya koma tarin ƙarfe.

Overland bai bi wannan layi ba. Ya dogara ne da jirage masu farfela, wato Beechcraft 1900 mai kujeru 19, daga baya ya ƙara da ATR 42 mai kujeru kimanin 48 da ATR 72 mai kujeru kimanin 70, waɗanda kamfanin haɗin gwiwar Faransa da Italiya ke ƙerawa a birnin Tulus. Da waɗannan jirage ne ya riƙa haɗa Abuja da Ikko da garuruwa irin su Ibadan da Ilori da Akure, ya kuma yi jigila a lokuta daban-daban zuwa Bauchi da Dutse da Minna da Jalingo. A 2011 da aka buɗe filin jirgin sama na Asaba, jirgin Overland yana cikin na farko da suka sauka a can. A 2018 kuma ya leƙa maƙwabta, inda ya buɗe hanyoyin Kwatano da Lome da Yamai.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne a tsakanin 2005 da 2007. A watan Oktoban 2005 jirgin Bellview ya faɗi bayan tashinsa daga Ikko, mutum 117 suka rasu. A watan Disamba na wannan shekara jirgin Sosoliso ya yi hatsari a Fatakwal, inda aka rasa mutum 108, da yawansu 'yan makaranta. Ran 29 ga Oktoba, 2006 kuma jirgin ADC ya faɗi a Abuja, hatsarin da ya ci rayukan mutum 96, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya ji ƙansa. Waɗannan masifu sun sa an kafa sabuwar dokar zirga-zirgar jiragen sama ta 2006, wadda ta ƙara wa hukumar NCAA iko, aka kuma ba kamfanoni wa'adin ƙarshen watan Afrilun 2007 su ƙara jari: Naira miliyan 500 ga mai jigila a cikin gida, miliyan 1,000 ga mai zuwa ƙasashen yankin, miliyan 2,000 ga mai ƙetare teku. Kamfanoni bakwai ne suka kasa tsallake wannan siraɗi, ciki har da ADC da Sosoliso da Albarka. Overland yana cikin waɗanda suka tsallake.

Lissafin da ke bayan wannan ɗorewa ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa tafiyar da motar haya. A ɗauka akwai wani babban birnin jiha da ke iya samar da fasinjoji 40 a rana masu zuwa Abuja. Idan aka sa musu jirgi mai kujeru 48, ya cika fiye da kashi 80 cikin ɗari, kuma mai jirgi zai iya fid da kuɗin mai da albashi har ya ga riba. Idan kuwa aka sa musu Boeing 737 mai kujeru 120, to kashi ɗaya cikin uku kawai ya cika, sauran kujeru 80 za su tashi wayam, alhali an sha musu mai. Kujerar jirgi kuwa ba ta ajiyuwa kamar buhun masara da za a kai sito a jira farashi ya tashi. Da zarar an rufe ƙofa jirgi ya ɗaga, kuɗin kujerar da ba a sayar ba ya tafi ke nan har abada.

Bugu da ƙari, a gajeriyar tafiya ta kilomita 300 zuwa 500, jirgi mai farfela ya fi jet tattalin mai nesa ba kusa ba. Jet yana nuna amfaninsa ne idan ya hau sama sosai ya daɗe yana tafiya, amma a gajeriyar hanya kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi. Gudun ATR bai wuce kilomita 500 da ɗoriya a awa ba, na jet kuwa ya haura 800, sai dai a irin wannan tazara bambancin lokacin isa 'yan mintoci ne. Haka kuma mai farfela yana iya sauka a gajeren titi, abin da ke rage wa jiha kuɗin gini da na gyara.

Wannan hikima ma ba sabuwa ba ce a Nijeriya. Tun a shekarun 1960 Nigeria Airways ya yi amfani da jirage masu farfela samfurin Fokker F27 wajen sada garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yola da Jos da Kalaba. Abin da ya faru daga baya shi ne, masu kamfanoni da yawa sun ɗauki girman jirgi a matsayin alamar isa. Kamfanin Okada na Cif Gabriel Igbinedion, wanda ya yi tashe da jiragen BAC 1-11, ya kai ga mallakar Boeing 747 a farkon shekarun 1990, amma zuwa farkon shekarun 2000 ya zama tarihi, sunansa kawai ya rage a bakin jama'ar Kudu, waɗanda ke kiran ɗan acaɓa da shi. Kamfanin Arik, wanda ya fara aiki a 2006, ya sayo manyan jirage ya buɗe hanyoyin Landan da New York da Johannesburg, amma a watan Fabrairun 2017 hukumar AMCON ta karɓe ragamarsa saboda nauyin bashi. Kabo Air, wanda marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a Kano a 1980, shi kuma ya janye daga jigilar cikin gida ya mai da hankali ga aikin Hajji da shata. Hausawa dai sun ce daidai ruwa, daidai tsaki.

To, amma kada a ɗauka cewa ƙaramin kamfani yana cikin inuwa. Matsalar da ta fi kowace ci wa masu jirage tuwo a ƙwarya ita ce, suna karɓar kuɗin tikiti da Naira, amma hayar jirgi da inshora da kayan gyara da horar da matuƙa duk da Dala ake biya. A 2022 farashin man jirgi ya tashi daga kimanin Naira 190 kowace lita zuwa Naira 700 a cikin 'yan watanni, har ƙungiyar masu jiragen sama ta ƙasa ta yi barazanar dakatar da aiki a watan Mayu na wannan shekara. Bayan da aka saki Naira a kasuwar musaya a watan Yunin 2023, Dalar da hukuma ke sayarwa kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. A ƙarshen 2024 kuma Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, wanda ke nufin cewa rancen banki ya fi ƙarfin sana'ar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba. A kan duk wannan akwai kashi biyar cikin ɗari na kuɗin kowane tikiti da ake cire wa hukuma, ban da kuɗin sauka da na ajiye jirgi da na jagorancin hanya.

Akwai kuma matsalolin da suka keɓanta ga mai jigila zuwa ƙananan garuruwa. Jirgi ba ya samar da ko kwabo sai yana sama, amma da yawa daga cikin ƙananan filayen ƙasar nan ba su da fitilu da na'urorin da za su ba da damar sauka da dare, saboda haka da faɗuwar rana aiki ya tsaya. Idan jirgi ya makara da awa biyu da safe, to zangon ƙarshe na ranar sai a soke shi. Da lokacin hunturu ya zo kuwa, hazo kan hana sauka na kwanaki a filayen da ba su da na'urar saukar da jirgi cikin rashin gani. Sannan jirgi mai kujeru 19 yana bukatar matuƙa biyu, kamar yadda mai kujeru 150 ke bukata, don haka kuɗin da ke kan kowace kujera ya fi yawa a ƙaramin jirgi. Wannan ne ya sa tikitin gajeriyar tafiya zuwa ƙaramin gari kan yi tsada kamar na Ikko zuwa Kano, ko ma ya fi.

Masu sukar wannan tsari suna da hujjojinsu, kuma ya dace a saurare su. Na farko, sukan ce inda kamfani ɗaya kaɗai ke zuwa, babu gasa, fasinja ba shi da zaɓi idan aka tsauwala farashi ko aka soke tafiya. Wannan gaskiya ne, sai dai garin da ba ya iya cika jirgi ɗaya ba zai iya ciyar da kamfanoni biyu ba, kuma maganin abin shi ne hukuma ta sa ido a kan farashi da haƙƙin fasinja. Na biyu, sukan kawo misalin Air Peace, wanda ya fara jigila a 2014, ya girma cikin hanzari, har ya buɗe hanyar Landan a watan Maris na 2024, don nuna cewa girma ba shi ne ke kashe kamfani ba. Haka ne, amma shi ma Air Peace ya sayi ƙananan jiragen Embraer masu kujeru 50 domin garuruwan da babban jirgi ba zai cika ba. Na uku, fasinjoji da yawa suna tsoron jirgi mai farfela, suna ganin tsohon yayi ne. Wannan kuskure ne da ya kamata a gyara, domin injin ATR na zamani ne, har gobe ana ƙera sababbi, kuma lafiyar jirgi ta dogara ne ga kulawa da bin ƙa'ida.

Shi kansa Overland ya ji wannan matsi na kasuwa. A bikin baje kolin jirage na Dubai a watan Nuwamban 2021, kamfanin ya ba da odar sababbin jiragen jet guda uku samfurin Embraer E175 masu kujeru 88 daga ƙasar Barazil, tare da damar ƙara wasu uku, cinikin da aka ƙiyasta kusan Dala miliyan 300 bisa farashin takarda idan aka sayi duka shidan. Na farko ya iso a 2023. Sayen sabon jirgi dal daga masana'anta abu ne da ba kasafai ake gani ba a Nijeriya, kuma alama ce ta cewa masu ba da rance sun amince da littafin kamfanin. Amma a nan ne kuma haɗarin yake. Jirgi mai kujeru 88 yana bukatar hanya mai fasinjoji, kuma irin waɗannan hanyoyi su ne manyan kamfanoni ke kokawa a kansu suna karya farashi. Idan nauyin biyan bashin Dala ya tilasta wa kamfanin janye ƙarfinsa daga ƙananan garuruwa zuwa layin Ikko da Abuja, to ya bar gonar da ya sani ya shiga wadda ta cinye na gabansa. Abin da zai fi masa alheri shi ne jet ya ɗauki hanyoyin da suka girma, masu farfela kuma su ci gaba da buɗe sababbi.

Ga 'yan kasuwa, wannan batu ya wuce labarin kamfani ɗaya. Ɗan kasuwar da ke zaune a Sabo ta Ibadan ko a Ilori, mai hulɗa da ma'aikatu a Abuja, ko mai sayen amfanin gona da dabbobi a Taraba, ya san bambancin da ke tsakanin tafiyar yini guda a mota da ta awa ɗaya da 'yan mintoci a jirgi. Tun da matsalar satar mutane ta addabi manyan hanyoyi, har ta kai ga harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris, 2022, jirgin sama ya tashi daga abin alfarma ya zama bukata ga masu harkoki da yawa. Haka nan mai son kafa masana'antar sarrafa shinkafa ko riɗi a wata jiha, ko bankin da zai ba shi rance, ko injiniyan da zai zo gyaran na'ura, kowannensu kan tambayi yadda ake isa garin kafin komai. Garin da jirgi ba ya zuwa a kan ƙa'ida yakan rasa jarin da bai ma san an yi niyyar kawo masa ba.

Abin takaici shi ne, manufofin hukuma sun fi karkata ga abin da ido zai gani. Jihohi sun yi ta gina filayen jiragen sama na miliyoyin Naira, wasu har da laƙabin na ƙasa da ƙasa, alhali ba su da fasinjan da zai cika jirgi ɗaya a rana. Daga cikin filaye fiye da 20 da ke hannun hukumar FAAN, 'yan ƙalilan ne irin su Ikko da Abuja ke samar da kuɗin da ake riƙe sauran. Gwamnatin Tarayya kuma ta ɓata shekaru tana neman kafa sabon kamfanin ƙasa mai suna Nigeria Air, wanda aka nuna jirginsa a Abuja a watan Mayun 2023, daga bisani aka jingine shirin ba tare da ya ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Wasu jihohi sun zaɓi kafa nasu kamfanonin, kamar Ibom Air na Akwa Ibom da ya fara aiki a 2019, amma ba kowace jiha ce ke da kuɗin shiga irin na mai arzikin man fetur ba.

Akwai hanyar da ta fi arha, wadda wasu ƙasashe suka gwada. Lokacin da Amurka ta sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, ta kafa shirin tallafa wa jigila zuwa ƙananan garuruwa, domin kada 'yancin kasuwa ya yanke su daga sauran ƙasa. Indiya ta fito da shirinta mai suna UDAN a 2016, inda kamfanoni ke takara a fili a kan hanyoyin da ba su da riba, wanda ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta ya samu, a ƙayyade farashin rabin kujerun, a kuma biya tallafin na shekara uku daga wani ɗan haraji da ake ɗora wa jiragen manyan hanyoyi. Shirin na Indiya bai tsira daga aibi ba, domin hanyoyi da dama sun mutu bayan tallafi ya ƙare, amma ya nuna cewa ana iya yin abin a bayyane, da wa'adi, da lissafi.

A Nijeriya ma jihohi kan ƙulla yarjejeniya da kamfanoni irin su Overland, su ɗauki nauyin wasu kujeru ko su cike giɓin asara don jirgi ya riƙa zuwa. Laifin wannan tsari shi ne yawanci jama'a ba su san sharuɗɗansa ba, kuma yakan mutu da zarar gwamnan da ya ƙulla shi ya sauka. Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama ta Tarayya ta tsara doka guda da za ta tanadi takara a fili a kan irin waɗannan hanyoyi, a ware wani kaso daga harajin tikitin da ake karɓa tun tuni domin tallafa musu, a kuma buga adadin fasinjoji da na kuɗin da aka biya duk shekara. Haka kuma ya dace a rage kuɗin sauka da na jagorancin hanya ga jirage masu kujeru ƙasa da 80 a ƙananan filaye. Jihohi su ma, maimakon sabon gini mai gilashi, su sa kuɗinsu a fitilun titin jirgi, da na'urar sauka cikin hazo, da shinge, da motar kashe gobara, domin waɗannan ne ke ba jirgi damar yin zango shida a rana a maimakon huɗu.

Kamfanonin jiragen su ma da sauran aiki a gabansu. Muddin fasinja daga Jalingo mai zuwa Fatakwal sai ya sayi tikiti biyu daga kamfanoni biyu, ya karɓi kayansa a Abuja ya sake aunawa, kuma babu mai ɗaukar alhakinsa idan jirgin farko ya makara, to ƙananan kamfanoni ba za su samu cikakken amfanin zama masu kawo wa manya fasinja ba. Yarjejeniyar tikiti ɗaya a tsakaninsu za ta amfani kowa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na jihohi kuwa suna iya taimakawa ta hanyar sayen kujeru a dunƙule na wata uku ko shida, abin da zai ba kamfani tabbacin ciniki, su kuma ya ba su rangwame da bakin magana a kan lokacin tashi.

Daga ƙarshe, tarihin Overland ya nuna cewa ana iya tafiyar da kamfanin jirgin sama a Nijeriya na tsawon fiye da shekara 20 idan aka san kasuwa, aka auna jirgi da fasinja, aka kuma guji faɗaɗa harka da kuɗin bashi don neman suna. Attajirin da ke tunanin shiga wannan sana'a ya fara ƙirga mutanen da ke fita daga garinsu kowace safiya kafin ya tambayi farashin jirgi. Gwamnonin da ke shirin aza harsashin sabon fili kuma su fara tambayar wane kamfani ne zai riƙa sauka a cikinsa, sau nawa a mako, da kuma wanda zai biya kuɗin kujerun da ba a sayar ba.